Hukuncin Kisa Bisa Kan Zato

Kwanan baya wani dattijon ekklesiya ya zo wurinmu da dare, bayan an tashi daga addu'ar tsakiyar mako. Ya zauna, ya daɗe bai ce kome ba. Shekara biyu ke nan da 'yan fashi suka faɗa gidansa, suka harbe ɗansa na fari a ƙofar ɗaki, suka kore shanu. Yanzu an kama wani saurayi, an kuwa kira dattijon ya ba da shaida a kotu. Dangi duka suna ce masa, "Baba, ka ce shi ne, ai ka gan shi." Shi kuwa ya ce mana, "Fasto, dare ne, ba farin wata. Tsawonsa ɗaya da wanda na gani, muryar ma kamar ita ce. Amma in aka ce in rantse, zuciyata ba ta tsaya ba. In na ce shi ne, za a rataye shi. In na ce ban tabbata ba, watakila a saki wanda ya kashe ɗana. Me Allah ya ke so in yi?"

Ba mu amsa masa a daren nan ba, gama maganar ta fi ƙarfin amsar gaggawa. Muka yi addu'a tare, muka roƙe shi ya ba mu mako guda. Abin da muka samu cikin makon nan shi ne mu ke rubutawa a nan, da yardarsa. Mai karatu, in da hali ka buɗe Kubawar Shari'a sura 19 da Sarakuna na Fari sura 21, ka ajiye su kusa.

Da fari dai, ba muna tambaya ba ne ko hukuma tana da ikon kashe mai kisankai. Bayan ruwan tufana Allah ya nuna wa Nuhu nauyin ran mutum, har wanda ya ɗauke na wani ya sa nasa a bakinsa, domin cikin surar Allah aka yi mutum (Farawa 9:6). Bulus ya koya wa Romawa cewa takobin da ke hannun mai mulki ba ado ba ne. Shi kansa, sa'ad da ya tsaya gaban Festus, bai ce a ƙyale shi ba in an same shi da laifin da ya isa mutuwa. Abin da ya ƙi shi ne a miƙa shi ga maƙiyansa bisa ƙarar da ba ta tabbata ba, saboda haka ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Masu bi na kirki sun rabu a kan ko ya kamata hukuncin kisa ya ci gaba a zamanin alheri, wannan kuwa sai wani wata. Tambayarmu ta yau ƙarama ce, amma mai kaifi: in akwai shakka, a kashe?

Ku lura da dalilin da aka ba Nuhu. Surar Allah ce ta sa jinin wanda aka kashe ya ke da tsada. To, wanda ke tsaye gaban alƙali da ankwa a hannu, cikin surar wa aka yi shi? Ayar da ta ba hukuma takobi ita ce ta ɗinka masa kube. In kotu ta rataye marar laifi, ba ta rama jinin kowa ba, ta ƙara jini na biyu ne a kan na fari.

Mutane da yawa suna tsammani shari'ar Musa mai saurin kisa ce. Gaskiya ne laifofin da ta yanka wa mutuwa suna da yawa, amma wanda ya karanta a hankali zai ga ƙofar zuwa wurin jifa ƙunƙuntacciya ce ƙwarai. Ba a kashe mutum bisa bakin shaida ɗaya, kome girmansa, kome gaskiyarsa; sai biyu ko uku (Littafin Lissafi 35:30; Kubawar Shari'a 17:6). An umarci alƙalai su bincika da himma har magana ta tsaya sarai. Shaidun kuma su ne za su fara ɗaukar dutse, ba wani hauni da za su ɓuya bayansa. Wanda ya ce ya gani, sai ya dubi fuskar mutumin ya jefa. In aka kama shi da shaidar zur, hukuncin da ya nema wa ɗan'uwansa shi za a yi masa. Aka kuma keɓe birane 6 na mafaka, 3 a kowane gefen Urdun, domin mai neman fansar jini ya tsaya da fushinsa a bakin ƙofa har jama'a su ji maganar.

Amma wurin da ya fi kama mu shi ne sura 21 ta Kubawar Shari'a. Ga gawa a jeji, ba a san wanda ya kashe ba. Me za a yi? Ba a ce a kamo baƙon da ya kwana a garin ba. Ba a ce a kamo makiyayin da aka ga ya bi ta wurin ba, ko wanda aka san suna rikicin gona da mamacin. Aka ce a auna a ga garin da ya fi kusa, dattawansa su kai karsana wadda ba a taɓa sa ta aiki ba zuwa kwari mai ruwa, a yanka ta can, su wanke hannuwansu, su shaida ba su yi ba, ba su kuwa gani ba, su roƙi Allah gafara domin ƙasar. Watau Allah da kansa ya yi tanadi domin ranar da mutum ba zai sani ba. A ranar nan ya karɓi dabba, bai karɓi wanda a ke zato ba. Sauran maganar ya riƙe a hannunsa, gama akwai ranar shari'a wadda ba a ɓoye mata kome.

Ko shaidu biyu ma ba su isa su kwantar mana da rai ba. Dubi Nabot mutumin Yezreyel. Sarki Ahab ya so gonar inabinsa, ya ƙi sayar da gādon kakanninsa. Yezebel ta rubuta wasiƙu da sunan sarki, ta buga hatiminsa. Aka yi shelar azumi, aka tara jama'a, aka zaunar da Nabot a gaba, shaidu biyu suka tashi suka ce ya zagi Allah da sarki. Babu ƙa'idar da aka tsallake a ido. Azumi ya cika, shaidu sun cika, dattawa sun zauna, an ma fitar da shi bayan gari kamar yadda doka ta ce. Duk da haka Allah ya aiki Iliya ya kira abin da sunansa, kisankai. Talakawan da suka ɗauki duwatsu ran nan, da yawa cikinsu sun koma gida suna jin sun yi wa Allah aiki.

Muna cewa gani ya kori ji. To, Yakubu ya gani. An kawo masa rigar Yusufu jina-jina, ya duba da idonsa, ya gane ta, ya yanke cewa naman jeji ya cinye yaron, ya yi makoki fiye da shekara 20 a kan jinin bunsuru. A Masar kuma wata rigar ta sake ba da shaida a kan Yusufu, tana hannun matar Fotifar. Bawa ne, baƙo, ba lauya, ba dangi. Da Fotifar ya sare kansa, ba mai tambaya. Kurkuku ya sa shi. Zalunci ne, ba mu ce ba zalunci ba ne, amma kurkuku yana da ƙofa, ta ƙofar nan kuwa aka fito da mutumin da ya ceci Masar da gidan ubansa daga yunwa.

Kada wani ya ce wannan labarin mutanen dā ne, yanzu akwai ilimi. Bari mu je Ingila, ƙasar da muka gaji tsarin kotunanmu daga gare ta. A shekara ta 1949 wani direba mai suna Timothy Evans yana zaune da matarsa da 'yarsu jaririya a saman wani gidan haya a Landan, lamba 10 a Rillington Place. Mutumin Wales ne, karatunsa kaɗan ƙwarai, ga shi kuma da halin shara ƙarya. A ƙarshen shekarar aka sami gawar matar da ta jaririyar a ɗakin wanki na bayan gidan, an shaƙe su. Evans da ƙafarsa ya je wurin 'yan sanda, amma ya ba da labari iri dabam dabam, daga baya kuma ya sa hannu a takardar amsa laifi. Da aka zo kotu a watan Janairu 1950 sai ya janye, ya ce maƙwabcinsa na ƙasa, John Christie, shi ya yi. Wa zai gaskata shi? Christie mutum ne mai sanyin murya, ya yi aikin ɗan sanda a lokacin yaƙi, shi ne ma babban mai ba da shaida na gwamnati. Kwana 3 aka yi ana shari'a. Mutum 12 da aka zaunar su yanke ko ya yi ko bai yi ba, minti 40 suka ɗauka. Ran 9 ga Maris 1950 aka rataye Evans a kurkukun Pentonville, yana da shekara 25, yana ta cewa Christie ne.

Bayan shekara 3, a watan Maris 1953, wani ɗan haya yana gyaran ɗakin girki na Christie, sai ya ga wani wuri a bango da aka lulluɓe da takarda. Gawa 3 na mata ke ciki. Aka tona daɓe aka sami matar Christie. Aka tona bayan gida aka sami ƙasusuwan mata 2 waɗanda ya kashe tun a 1943 da 1944. Suna nan kwance lokacin da 'yan sanda suka binciki gidan saboda Evans, ba su gani ba. Christie ya amsa cewa shi ya kashe matar Evans. Aka rataye shi a Yuli 1953, a kurkuku ɗaya, da hannun hauni ɗaya. Ko a sa'an nan gwamnati ba ta yarda ta yi kuskure ba. Binciken farko da ta sa aka yi cikin gaggawa ya ce hukuncin Evans daidai ne. Sai a 1966 Sarauniya ta yafe masa, shekara 16 bayan mutuwarsa. Uwarsa tana da rai ta ji labarin. Takarda aka ba ta, ba ɗa ba. Wannan shari'a tana cikin abubuwan da suka sa Ingila ta dakatar da rataye masu kisankai a 1965, ta kuma tabbatar da haka a 1969.

Wani zai ce, ai ya amsa da bakinsa. Tun kafin shekara ta 430, Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da a ke kira Aljeriya yau, ya yi kuka a kan wannan. Ya nuna yadda alƙali, da shi ke ba ya iya ganin zuciya, ya kan sa a azabtar da mutum domin a gane ko marar laifi ne, mutumin kuwa ya amsa abin da bai yi ba domin azaba ta tsaya, alƙali ya kashe shi, har yanzu bai san gaskiya ba. A Japan an yanke wa Iwao Hakamada hukuncin kisa a 1968 bisa amsar da aka tatsa daga bakinsa bayan kwanaki ana matsa masa. Yayarsa ba ta daina bin maganar ba. A 2024 kotu ta wanke shi, yana da shekara 88, ta ce an ƙirƙiri shaidar. An cinye masa ƙuruciya, hankalinsa ma ya taɓu, amma ya ji kalmar da kunnensa, abin da Evans bai samu ba. A Amurka waɗanda aka yanke wa kisa sa'an nan aka wanke su tun daga 1973 sun kai 200. Ƙasarmu ma ta yi dokar hana azabtarwa a 2017. Ba a kuwa yin doka a kan cutar da babu.

A gida Nijeriya akwai shari'ar da kowane lauya ya sani. An yanke wa Nasiru Bello hukuncin kisa a Jihar Oyo saboda fashi da makami. Ya ɗaukaka ƙara, amma a 1981, tun ba a saurari ƙarar ba, aka kashe shi. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce gwamnati ta karya doka, ta sa a biya iyalinsa diyya. Ko ya yi fashin ko bai yi ba, kotun da za ta duba ba ta sami zarafi ba, ba kuwa za ta samu ba har abada. Yau waɗanda ke jiran kisa a kurkukun ƙasarmu sun haura 3,000, ba a kuwa kashe ko ɗaya sai gwamna ya sa hannu. Tsarin mulki na 1999 ya ce mutum marar laifi ne har a tabbatar da laifinsa, ya kuma ba gwamna ikon sassauta hukunci. Maƙwabtanmu Musulmi ma, malamansu na shari'a suna da ƙa'ida tun dā cewa shubuha tana kau da haddi. A wannan wuri bakinmu ɗaya da su.

Yanzu fa ga magana mai nauyi, ba za mu kauce mata ba. Cikin masu karanta wannan akwai waɗanda suka binne 'ya'yansu, akwai waɗanda aka ƙone ƙauyukansu, akwai waɗanda suka sayar da gona suka biya kuɗin fansa. Za su ce, "Fasto, kana tausayin wanda a ke tuhuma, mu wa zai ji tausayinmu? In sai an tabbata sarai, mugaye za su riƙa fita suna mana dariya." Ba mu raina wannan kuka ba. Allah ma ya ƙi mai baratar da mugu kamar yadda ya ƙi mai kā da adali (Misalai 17:15). Gaskiya ne kuma wani lokaci mai laifi zai tsira ta wannan ƙofa, ba za mu ɓoye ba.

Amma ku koma gidan nan na Landan ku ƙidaya. Bayan an rataye Evans aka rufe littafi, aka daina nema, kowa ya kwanta da rai an yi adalci. Christie kuwa yana zaune a ɗakinsa, ya ƙara kashe mata 4. Igiyar da aka sa wa marar laifi ita ta zama garkuwar mai laifi. Wanda ya ce a kashe kowa aka samu domin zuciya ta huce, bai taimaki mamaci ba, ya taimaki wanda ya kashe shi. Ba kuwa cewa mu ke a buɗe kurkuku kowa ya tafi ba. A ci gaba da bincike, a nemo shaida, wanda laifinsa ya tabbata a hukunta shi. Abin da mu ke cewa shi ne, hukuncin da ba ya kwancewa ba a ɗaura shi da hannu mai rawa.

Mu masu bi ya kamata mu fi kowa tsoron wannan abu, gama Ubangijinmu ta hanyar shari'a aka kashe shi. An nemo shaidu, bakinsu bai zo ɗaya ba. Bilatus ba shakka kaɗai ya ke da ita ba, sau 3 ya faɗa a fili cewa bai sami laifin kisa gare shi ba (Luka 23). Amma taro yana ihu, kujerarsa kuma tana rawa, sai ya sa aka kawo ruwa ya wanke hannu. Dattawan Kubawar Shari'a sun wanke hannu domin ba su kashe kowa ba. Bilatus ya wanke nasa sa'an nan ya ba da umarni. Har yau, ko'ina a ke furta shaidar bangaskiya ta manzanni, da kowane harshe, sai an ambaci sunansa.

Wataƙila mai karatu zai ce, ni ba alƙali ba ne, ba gwamna ba. Ɗan'uwa, yawancin hukuncin kisa bisa zato a ƙasarmu ba a kotu a ke yinsa ba, a kasuwa ne da bakin hanya. Mutum ɗaya ya ɗaga murya ya ce "Ɓarawo!", kafin a tambayi me ya sata an kawo taya da fetur. A Oktoba 2012 aka kashe ɗalibai 4 na Jami'ar Fatakwal a Aluu bisa zargin sata. A Maris 2025 aka kashe matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo, mafarauta ne masu komawa Kano domin Salla, an ga bindigoginsu na farauta aka ce masu satar mutane ne. Mu ma mun yi kukan namu da taro ya kashe bisa maganar da ba a bincika ba, mun san zafinsa. To, kada a sami ɗan ekklesiya cikin irin wannan taro, ko da dutse, ko da ihu, ko da ɗaukar hoto a waya. Shawulu bai jefi Istifanas ba, tufafin masu jifa kaɗai ya tsare, amma bai taɓa wanke kansa daga jinin nan ba. Nikodimu shi kaɗai ne cikin majalisa ya tambaya ko an ji daga bakin mutumin tukuna; aka yi masa ba'a, amma an rubuta tambayarsa.

Da mako ya cika muka tafi gidan dattijon nan. Muka zauna a zaure, muka karanta surorin nan tare. Muka ce masa, "Baba, Allah bai ɗora maka yanke hukunci ba, shaida ya ɗora maka. Kada ka ƙi zuwa, gama ɓoye abin da ka sani shi ma laifi ne. Ka faɗi tsawon mutumin, ka faɗi muryar, ka faɗi cewa dare ne ba farin wata. Inda ganinka ya tsaya, bakinka ya tsaya nan. In yaron nan ne, Allah yana da ikon fito da wata shaida. In ba shi ba ne, ba za ka kwana da jinin ɗan wani a kan na ɗanka ba."

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Uwar yaron fa, me zan ce mata?" Muka ce mu je tare. Ba ta karɓi maganar ran nan ba, ta tashi ta shige ɗaki, ba mu kuwa ga laifinta ba. Ran shari'a dattijon ya je, ya faɗi abin da ya gani, bai ƙara ba, bai rage ba. Waɗansu cikin dangi sun daina gaishe shi. An ɗaga shari'ar, saurayin yana tsare har yanzu. Dattijon ya roƙa a sa gidansa cikin addu'a, musamman matarsa, ya kuma ce a haɗa da saurayin.